Yadda ake gyara tsohuwar bindigar soja ƙirar Gras, da sharuɗɗan harba ta

A wasu gidajen sarauta da na tsofaffin sojoji a Maraɗi, Tibiri da Tasawa, akan tarar da doguwar bindiga jingine a lungun ɗaki ko rataye a zaure, ƙarfenta ya yi ja, ƙotarta ta tsage, ba wanda ya san ranar da ta yi ƙara ta ƙarshe. In mai cin harsashi ɗaya ce, mai sakata da ake ɗagawa a ja baya, to akwai yiwuwar Gras ce, bindigar sojan Faransa ta shekarar 1874. Wani hafsa mai suna Basile Gras ne ya gyara tsarin Chassepot ta 1866, wadda ke cin harsashin takarda, ya mayar da ita mai cin harsashin kwanson tagulla. Da Faransa ta fito da sabuwar bindigar Lebel a 1886, sai Gras ta gangaro Afirka da yawa: ta shiga hannun sojojin da Faransa ta ɗauka a nan, ta shiga hannun ƴan kasuwa, maƙeran Samori Ture, sarkin da ya yaƙi Faransa a Afirka ta Yamma, sun kwaikwayi ƙirarta, sojojin Menelik, sarkin Habasha, sun yi yaƙin Adwa da ita a 1896.

Abin da za mu faɗa tun farko shi ne, yawancin waɗannan bindigogi gyaran adanawa suke bukata. Kaɗan ne daga cikinsu suka cancanci a sake harba su, kuma ba mai bindigar ne zai yanke wannan hukunci da idonsa ba. Aikin da ke ƙasa ya shafi Gras, amma mafi yawansa zai yi wa Martini-Henry ta Ingilishi amfani, wadda ita ma ake gani a ƙasar Hausa.

Kafin ka taɓa ta: takarda

A Nijar ba a riƙe bindiga sai da izinin hukuma, kuma tsufanta ko kasancewarta gado ba ya ɗauke wannan. A halin tsaron da yankin Madarunfa da Gidan Runji ke ciki, wanda aka tare a hanya da bindiga cikin buhu ba zai sami mai sauraron labarin kakansa ba. Ka fara zuwa jandarmari ko ofishin ƴan sanda, kai kaɗai ba tare da bindigar ba, ɗauke da hotonta da lambarta, ka tambayi yadda ake neman izini da yadda za a kai ta wurin gwani. In gidan sarauta ne, a bi ta fada. Wanda ba ya son ɗawainiyar nan yana iya miƙa ta ga hukuma, ko ya nemi gidan tarihi irin na Boubou Hama da ke Yamai.

Mataki na farko: ka ɗauka akwai harsashi a ciki

Harsashin albarushi yana iya shekara ɗari bai mutu ba. Ka juya bakin bindigar ga tudun ƙasa ko katangar laka mai kauri, ka kori yara, yatsa nesa da kunama. Ɗaga hannun sakata sama, ja baya a hankali, ka leƙa ɗakin harsashi da tocila, ka kuma sa ɗan yatsa ka tabbatar.

In sakatar ta ƙi motsi, kada ka doke ta da guduma. Sami siririyar sanda ta itace, ka zura ta baki a hankali, hannunka da fuskarka a gefe, har ta tsaya. Yi alama, ka zaro, ka gwada ta a wajen bututu. Bututun doguwar Gras santimita 82 ne. In sandar ta tsaya da saura, akwai abu a ciki: harsashi ne, ko tsumma, ko gidan zanzaro. Ba ka san wanne ba ne, don haka aikinka ya tsaya nan. Zuba kananzir ta baki, ka ajiye ta inda ba kowa, ka kira mai gyaran makamai na soja ko na jandarma.

Mataki na biyu: karanta abin da ke jikinta

Goge ƙura da tsumma mai ɗan mai, ka ɗauki hoto ta kowane gefe kafin ka kwance ko sukuru ɗaya. A gefen hagu na akwatin sakata za ka ga sunan masana'anta, Saint-Étienne ko Châtellerault ko Tulle, da Mle 1874, wato ƙirar 1874. Wadda aka juyo daga Chassepot tana ɗauke da 1866-74. A gindin bututu akwai harafi da shekara, misali S da 1877. Lambar bindigar tana kan bututu, da sakata, da ƙota, kuma ya kamata su zo ɗaya. In lambar sakata dabam take, an ɗauko ta daga wata bindiga, kuma wannan babbar magana ce ga mai niyyar harbi.

Nemi alamar M80. A 1880 an yanka wata hanya a cikin akwatin don iskar wuta ta fita ta gefe in kwanso ya fashe, maimakon ta bi sakata ta sami idon maharbi. Wadda ba ta da wannan gyara, mu a ganinmu ta bango ce.

Sai faɗin rami. Asalin Gras milimita 11 ce, da layuka huɗu masu murɗawa a ciki. Amma an sauya da yawa. A 1914 an mayar da wasu masu cin harsashin Lebel na milimita 8, an kuma rarake wasu masu ɗimbin yawa aka mayar da su bindigar farauta mai santsin ciki aka sayar. Auna baki da ma'aunin makanikai, ka haska ciki ka gani ko layukan suna nan. Bindigogi uku ne dabam masu kama ɗaya a waje, kuma harsashin ɗaya a cikin ɗaya halaka ne.

Kayan aiki

Kananzir lita biyu, man keken ɗinki, soson ƙarfe mafi laushi mai lamba 0000, tsohon burushin haƙori, guntun tagulla mai faɗin baki don kankare tsatsa, gudumar roba ko ta itace, alli, kakin zuma, man lin da ake samu a shagon fenti, gam mai kwalba biyu irin Araldite, robar cikin tayar keke, da tsummokin auduga. Turnabis, wato sukundireba, sai an gyara bakinsa da magagari ya cika tsagar sukuru daidai, faɗi da kauri. Sukurorin Faransa na wancan zamani tsagarsu siririya ce, kuma turnabis na kasuwa mai bakin tsini shi ke cinye kawunansu.

Abin da ba a kusantar da shi: takardar yashi, injin gurza, toka da yashi irin na wankin tukunya, ruwan batir, ruwan tsami, lemun tsami, tsamiya. Duk suna cire tsatsa, amma suna tafiya da baƙin launin asali da rubutu da lamba. Bindigar da aka gurje ta yi fari fat kamar sabon cokali ta rasa tarihinta da darajarta a yini ɗaya, kuma goge lamba laifi ne a wurin hukuma. Man gyaɗa da man ja su ma a bar su a madafa, don suna daskarewa su yi danƙo su kama sakata.

Kwancewa

Ɗiga kananzir haɗe da man keke a kan kowane sukuru, safe da yamma, kwana uku. Wanda ya yi gaggawa a nan shi ke karya sukurun da ba a sayar da irinsa a ko'ina.

A gefen dama na akwati akwai babban sukuru da ke tare sakata. Sassauta shi, ka ja sakatar ta fito. Kanta na gaba, mai ɗauke da ƙugiyar zaro kwanso, yana rabuwa da jikinta, don haka ka tare da tafin hannu kada ya faɗi. Warware cikin sakata, inda allurar da ke dukan gindin harsashi da sifirin ɗin da ke tura ta suke, ka bar wa gwani. Sifirin ɗin yana da ƙarfi, yana iya harbo allura ta huda hannu, kuma jiƙa sakatar gaba ɗaya cikin kananzir ya isa tsabtace ta.

Zare sandar goge bututu da ke ƙarƙashi. Danna ƴan ƙarafan da ke riƙe zobban bututu, ka tura zobban gaba da guntun itace. Kwance sukurun wutsiyar akwati da na kariyar kunama. Daga nan juya bindigar ciki sama a kan tabarma, ka bubbuga a hankali har ƙarfen ya rabu da itacen da nauyinsa. Kada ka kama bakin bututu ka ɗaga, domin itacen gaba siriri ne kuma ya bushe shekara da shekaru, nan take yake karyewa. Kowane sukuru a soke shi a kwali a rubuta inda ya fito.

Ƙarfe

A nan aikin yake, kuma a nan ake bukatar haƙuri. Tsatsa iri biyu ce. Akwai ja mai gari wadda ke ci gaba da cin ƙarfe, ita ce abokiyar gaba. Akwai kuma launin ƙasa-ƙasa mai santsi da ƙarfe ya yi don tsufa, wannan ba ya cutarwa, shi ne ma kyan tsohuwar bindiga, a bar shi.

Jiƙa ƙananan sassa cikin kananzir kwana biyu zuwa mako. Bututu kuma a naɗe shi da tsumma jiƙe da kananzir, a sa cikin leda. Bayan haka kankare ɓawon tsatsa da guntun tagulla. Tagulla ta fi ƙarfen laushi, tana ɗauke tsatsa ba ta yi masa rauni, ɗan rawayan da take bari kuma mai yana goge shi. Sai soson 0000 da mai, da hannu marar nauyi, kana bin tsawon bututu. Kana gogewa da farin tsumma kana dubawa: muddin ja na fitowa, da saura. A kan rubutu da hatimi burushin haƙori kawai.

In tsatsar ta yi yawa, akwai dabarar tafasawa. A wanke maiko tas da sabulu, a dafa sassan cikin ruwan sama mai tsabta minti 30 zuwa 45. Jar tsatsa takan juye baƙa mai laushi, a goge ta da soso, abin da ya rage ya zama kariya. Ruwan rijiya mai kanwa ko gishiri ba ya ba da sakamako mai kyau. Ana fitar da ƙarfen da zafinsa ya bushe da kansa, a shafa mai nan take, in ba haka ba kafin la'asar ya sake yin ja.

Cikin bututu ana goge shi daga baya zuwa gaba, don kada sanda ta cinye bakin, wanda shi ke daidaita tafiyar harsashi. Toshe baki, cika da kananzir, bar shi kwana biyu a tsaye. Zubar, ka bi da burushin tagulla sau ashirin, sannan tsumma bayan tsumma har ya fito da haske. Gidan zanzaro laka ce, ruwan ɗumi ke narkar da shi, mai ba ya yi.

Yanzu duba lafiyarsa. Tura tsumma mai matsewa a hankali: in ya zo wani wuri ya yi sako-sako sannan ya sake matsewa, bututun ya kumbura a nan, alamar an taɓa harbi da toshiya a ciki. Haska fitila ta ɗaya bakin, ka nemi zobe mai duhu ko ramuka masu zurfi, musamman a ɗakin harsashi. Don gano tsaga, shafa kananzir a akwati da gindin bututu da gindin hannun sakata, bar shi minti 20, goge ya bushe sarai, ka barbaɗa garin alli. Inda tsaga take, kananzir zai tsattsafo ya zana siririn layi a cikin allin. Ka fi mai da hankali ga gindin hannun sakata da kafaɗar akwatin da yake jingina a kai. A Gras wannan wuri guda shi ke riƙe dukkan ƙarfin harbi, babu wani maƙulli na biyu. Tsaga, ko lotsawa, ko alamar walda a nan, magana ta ƙare. Haka duk bututun da maƙeri ya taɓa sa wa wuta ko ya toshe masa rami da walda. Maƙeranmu gwanaye ne a aikinsu, amma zafin wuta yana sauya ƙarfin ƙarfe ta hanyar da ido ba ya gani.

Ƙota

Itacen goron Turawa ne, kuma a jikinsa akwai zagayayyen hatimi da lamba. Takardar yashi tana share su cikin minti ɗaya, don haka wanka kawai za a yi masa: tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan, yanki yanki, ana busarwa nan da nan. Inda tsohon mai ya jiƙa itacen ya yi baƙi, a shafa alli da aka dama, a ajiye a wuri mai ɗumi cikin inuwa, allin zai tsotso man. Ranar Maraɗi ta watan Afrilu tana iya tsaga ƙota a yini guda, kada a shanya ta a fili.

In ƙananan ramuka suna zubar da gari, ƙwaro na ciki da rai. A ɗaure ƙotar cikin leda a sa a firiza mako guda, a fitar a bar ta ta huce cikin ledar kafin a buɗe. Wadda gara ta rarake har yatsa na lotsa ta, a adana ta yadda take, ba ta ɗaukar dukan harbi.

Tsaga ta fi zuwa a wuya, bayan akwati. Wanke cikinta da ɗan fetur ko alkol don gam ba ya kama itace mai maiko, bar ta ta bushe, buɗa ta kaɗan da tsinke, tura gam har ciki, matse, ka naɗe da robar taya. Shafa kaki a gefen tsagar tukuna don gam da ya fito ya ɓare da sauƙi. Awa 24 ba taɓawa. Ƙusa da waya da ake ɗaure ƙota da su suna ƙara tsaga ne, amma in tsohon ɗauri ne na fata ko na tagulla da kakanni suka yi, mu dai ba ma cire shi, ya zama cikin tarihin bindigar.

Man lin ɗigo kaɗan a tafin hannu, a murza, bayan minti 20 a goge duk abin da bai shiga ba, a jira kwana biyu, a maimaita sau uku. Tsumman man lin yana iya kama wuta da kansa in an dunƙule shi, a jiƙa shi da ruwa ko a baza shi a ƙasa a waje. Shafa kakin zuma a ƙarfen da zai kwanta cikin itace, ka mayar da komai yadda ya fito, sukurori a ɗaure su daidai ba da ƙarfin tsiya ba.

Harbi

Mafi yawan masu karatu a nan ya kamata su tsaya. Wanda ke da izini kuma bindigarsa ta tsallake duk abin da ya gabata, saura gwajin gwani: ya auna ɗakin harsashi ya tabbatar da irinsa, ya auna tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi, ya duba tsawon fitowar allura, ya gwada ko kunama na riƙewa. In tazarar ta yi yawa kwanso yakan tsage, in allura ta yi tsawo ko tsini takan huda gindin harsashi wuta ta dawo baya, in haƙorin kunama ya cinye bindigar takan tashi da kanta lokacin rufe sakata. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ake gyarawa da magagari a tsakar gida.

Sai harsashi, wanda shi ne ya fi hana harbin. Na Gras shi ne 11×59R, darma mai nauyin giram 25 da ke fita da gudun kusan mita 450 a daƙiƙa, kuma baƙin albarushi aka yi bindigar dominsa. Garin harsashin zamani marar hayaƙi ƙarfinsa ya wuce abin da ƙarfen 1874 zai ɗauka. Kada a cusa mata harsashin wata bindiga don ya shiga, kada a ɗura mata garin da aka farke daga harsashin soja, ko kan ashana, ko haɗin da ba a san shi ba. Tsofaffin harsasai na asali da aka tarar tare da ita su ma ba na harbi ba ne, kwansonsu ya yi rauni. In ba a sami harsashin da ya dace ta halattacciyar hanya ba, ba harbi. Kuma Gras ba bindigar ɗuri ba ce irin ta ƴan bindigar hawan salla, kada a ɗura mata albarushi ta baki don ta yi ƙara a biki.

Harbin farko ba a kafaɗa ake yinsa ba. A filin harbi da hukuma ta yarda da shi, mai tudun ƙasa a gaba, a ɗaure bindigar a kan tsohuwar tayar mota, gindin ƙota a tokare, a danne da buhunan yashi. A ɗaura igiya mai tsawon mita 15 a kunama, kowa ya koma bayan kariya, a ja. Bayan kowane harbi a duba kwanson: kumburi, tsaga, baƙin hayaƙi a gindi, huda, ko sakata mai wuyar buɗewa, kowanne dalilin tsayawa ne. Sau biyar lafiya, a sake gwajin alli, sannan a yi maganar kafaɗa.

Tabarau na kariya da abin toshe kunne dole ne. Kafin kowane zama a leƙa bututu daga baya a ga haske. Harsashi ba ya shiga sai an fuskanci abin bara, domin ba a dogara da maƙalin tsaron Gras. Nauyinta ya haura kilo 4, dukanta turi ne mai nauyi, a manna ƙota sosai a kafaɗa. An yi saitinta don nesa, saboda haka a mita 50 takan bugi sama da inda aka nufa, a sauke bara ƙasa maimakon a taɓa saitin da magagari. In an ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakin yana kallon tudu minti guda cur kafin a buɗe, don wani harsashin yakan yi jinkiri. In ƙarar ta fito da rauni, a tsaya a leƙa, wataƙila darma ta maƙale a ciki, kuma harbi na biyu a kanta shi ke fasa bututu. Harsashin nan yana tafiya fiye da kilomita, gona ko garke ko hanya a bayan tudu sun isa hana harbi.

Wanki a ranar, da ajiya

Dattin baƙin albarushi yana jan danshi, mai kuma ba ya narkar da shi. A ranar da aka yi harbi, kafin a kwanta, a cire sakata, a juya baki ƙasa, a zuba ruwan zafi mai ɗan sabulu ta mazurari daga baya har ya fito fari, a bi da ruwan zafi zalla, a busar da tsumma, a shafa mai tun ƙarfen na da ɗumi. A goge fuskar sakata haka nan. Bayan kwana biyu a sake zura tsumma a duba.

Wurin ajiya ya zama mai kulle, sakata a wani wuri dabam, nesa da yara. Kada ta jingina da bangon laka ko ta taɓa ƙasa, saboda gara da danshi. Kube na fata yana riƙe danshi yana kuma cin ƙarfe, kyallen auduga ya fi. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, a duba ta duk mako biyu. Da hunturu ƙura ke haɗuwa da mai ta zama kamar yashi, sai a rage mai a koma ga kaki. Bakin bututu a ɗaura masa ɗan kyalle daga waje don zanzaro, kada a cusa tsumma a ciki, domin tsumman yana tara tsatsa kuma ana mantawa da shi. A rubuta a takarda sunan wanda ya fara mallakarta, inda ya samo ta, da abin da aka gyara da ranarsa, a ajiye tare da takardar izini.